Ƙwaƙwalwar Jikin Mota da Aljihun Talaka



Mai yiwuwa ne wasu su ga abin da muka zo da shi yau bai kai a tara 'yan jami'a a kansa ba, domin magana ce ta wani ɗan akwati wanda girmansa bai wuce na littafi ba, da ke ɓoye a gaban mota, galibi kusa da ƙafar direba. To, amma duk wanda ya san yadda abinci ke fita daga Tsafe da Bungudu ya shiga Gusau, ya kuma san yawan gidajen da ba su ɗora tukunya sai motar haya ta dawo tasha, zai yarda cewa lafiyar wannan akwati ta shafe mu duka. Saboda haka muna roƙon ku ba mu aron hankalinku na ɗan lokaci.

Bari mu fara da waiwaye. A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma a kan irin waɗannan motoci ne da yawa daga iyayenmu makanikai suka koyi sana'a. Motar wancan zamani ba ta da sirri. Kowace fitila da wayarta da makunninta da fis ɗinta, in ta mutu sai mai wayarin ya ɗauko ɗan ƙwai mai waya, ya bi layi har ya cim ma inda wuta ta yanke. Kunne da ido da hannu su ne kayan aiki, kuma sun wadatar.

Zamani kuwa riga ne. A 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da wata dabara da ake kira CAN, wadda ta sa kwamfutocin da ke cikin mota suke aika wa juna saƙo ta tagwayen wayoyi guda biyu tak. Daga nan sai ayyukan da dā ke warwatse aka tara su a hannun 'yan akwatuna. Akwai wanda ke kula da inji, shi ne wanda mutanenmu suka fi sani da ƙwaƙwalwar mota. Akwai kuma na biyu, wanda Turawa ke taƙaita sunansa da BCM, kamfanin Peugeot kuma ke kiran nasa BSI, mu kuwa za mu kira shi ƙwaƙwalwar jikin mota. Aikinta shi ne fitilun gaba da na baya, da sigina, da waifa, da oda, da gilasan ƙofa, da makullan ƙofofi. A motoci da yawa har ita ce ke tantance makulli kafin a bar inji ya tashi. Watau in direba ya murɗa makunnin fitila a yau, roƙo ya aika, ita ce ke yanke hukuncin a kunna ko a ƙi.

Motocin Kwatano da na Baljiyam da suka cika tashoshinmu, da sababbin da gwamnati ke saya don asibitoci da ma'aikatu, da yawansu irin waɗannan ne. Mun sayi motar zamani, ilminta kuwa mun bar shi a can inda aka ƙera ta.

To, yaya ake gane ta sami matsala? Alamarta ita ce rikicewar abubuwa da yawa a lokaci guda, waɗanda a zahiri ba abin da ya haɗa su. Waifa ta kama aiki ba wanda ya taɓa ta, ƙofofi su kulle kansu, sigina ta ƙi, fitila ta ƙi mutuwa bayan an zare makulli, ko a kwana da batir lafiya a wayi gari ba wuta. Wani lokaci kuma sitata ta juya inji ya ƙi kamawa, alhali mai da fulogi duk lafiya lau.

A nan ne muke so mu ja hankali ƙwarai, domin a nan ne dukiya ke salwanta. Waɗannan alamu duka, batir mai rauni na kawo su. Wayar da ke ɗaure da ƙarfen jikin mota in ta yi tsatsa tana kawo su. Ɓera in ya ci waya a motar da ke ɗaukar hatsi, shi ma yana kawo su. Wanda ya ce ƙwaƙwalwa ta ƙone tun bai auna komai ba, duba ya yi, kuma mai mota ne zai biya kuɗin bokan. Akwai matakai da ya kamata a bi, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na farko, a auna batir da mita. Batir mai lafiya wanda ya huta yana nuna kimanin bolt 12.6, in kuma inji na aiki a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Abin da ya gaza haka ko ya zarce shi da yawa, to a nemi laifin a batir ko a na'urar da ke caja shi.

Na biyu, a bi fis ɗaya bayan ɗaya, a kwance wayoyin da ke ɗaure da jikin mota a goge su, sa'an nan a zare soket ɗin akwatin a duba. In an ga kore-kore ko alamar laima, ruwa ya shiga, kuma sau da yawa gogewa da busarwa da toshe inda ruwan ke bi sun isa magani.

Na uku, a jona na'urar bincike. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta wani soket mai ramuka 16, ƙasashen Turai suka bi sahu a 2001 ga masu fetur, daga baya ga masu dizal. Na'urar tana fito da lambobi, kowace da harafinta a gaba: P na inji da giya, B na jikin mota, C na burki da ƙafafu, U kuwa na yankewar magana tsakanin akwatunan. Sai dai a lura, ƙananan na'urori masu araha lambobin inji kaɗai suke karantawa. Kuma lamba tana nuna unguwar da ɓarna take ne, ba ta kama ɓarawo. Lambar da ta ce fitilar hagu ba ta aiki ba ta faɗi ko ƙwai ne, ko waya, ko akwati ba.

Na huɗu, a auna tagwayen wayoyin nan na saƙo. In an cire kan batir aka sa mita tsakanin rami na 6 da na 14, a yawancin motoci ana samun om 60. In aka sami 120, layi ya yanke a wani wuri, in kuwa aka sami kusan sifiri, wayoyin sun haɗe. Game da batir mai zuƙewa da dare, a rufe mota a jira kwamfutocinta su yi barci, sa'an nan a auna abin da take sha. In ya haura kimanin miliyam 50, a bi fis-fis har a gano mai shan.

Sai an ga wuta na isa akwatin, saƙo na shiga, amma umurni ba ya fita, sa'an nan ne ya halatta a ce ya mutu.

In an kai ga sauyawa, nan ma akwai ƙa'ida. Akwati biyu na iya yin kama kamar an tsaga kara, lambar da ke jikinsu ta bambanta, don haka da lamba ake saye, ko a Gusau, ko a Panteka ta Kaduna, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Na hannu ya fi araha, amma yana zuwa da ƙwaƙwalwar motar da aka ciro shi, bai san makullinmu ba, bai san lambar shasinmu ba. Tilas ne a gabatar da shi ga sabon gidansa da kwamfuta, ko a kwafe bayanan tsohon a zuba masa, batir kuma ya zama cike yayin aikin, domin wuta in ta yanke a tsakiya sabon ma na iya lalacewa. Mafi muhimmanci, a nemo abin da ya kashe na farko. Ko walda aka yi ba a cire batir ba? Ko an jona batir a juye garin tayar da mota? Ko fis ya ƙone an ɗaura masa waya? Ko an yanki layi an ƙara fitilu da rediyo? Ko mai wankin mota ya watsa ruwa a ciki? Wanda bai toshe rami ba, sabon da ya saya ma nan zai faɗa.

'Yan'uwa, kada mu ɗauki wannan a matsayin maganar gareji kawai. Kowa a nan ya san halin rashin tsaro da hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa ta sha fama da shi a 'yan shekarun nan, haka ma ta Bungudu zuwa Talata Mafara. Motar da fitilarta ta ɗauke da magariba, ko ta ƙi tashi a tsakiyar daji da fasinja goma sha a cikinta, rayuka ne ta jefa cikin haɗari. Motar asibiti da aka jingine wata da watanni saboda waya guda mai tsatsa, mai naƙuda ce ta rasa abin hawa.

Saboda haka muna da kira guda uku. Ga 'yan'uwanmu ma'aikata, ku ne ke sa hannu a takardun gyaran motocin hukuma. Kafin ku amince da sayen akwati, ku nemi a rubuta muku lambobin da na'ura ta nuna da abin da mita ta auna, a kuma dawo da tsohon ofis. Dukiyar jama'a amana ce.

Ga hukumomin ilmi, jihar nan da aka ƙirƙiro a 1996 tana da Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013, da Kwalejin Ilmi ta Fasaha a Gusau, da kwalejojin kimiyya da fasaha a Ƙauran Namoda da Talata Mafara. Muna roƙon su buɗe ƙofa ga masu wayarin da yaransu, a shirya musu gajerun kwasa-kwasai da Hausa, tare da ƙungiyarsu ta NATA.

Ga mu ɗalibai kuwa, mu da muka iya karanta zanen wayoyi da Turancin na'ura, mu je gareji lokacin hutu da ladabi. Ubangidan gareji ya san motar da hannunsa shekara talatin, mu kuwa takardarta muka sani. In muka zauna tare muka fassara littattafan nan, muka samo wa kowane abu sunansa na Hausa, direban Tsafe da na Bungudu ba za su ƙara sayen akwatin da ba su bukata ba.

Allah ya ba mu ikon aikatawa, ya kai matafiyanmu gida lafiya.