Rajistar Mutuwar Fursunoni: Daga Sidni Zuwa Gidan Yarin Kaduna



Batuna a yau shi ne littafin da ake rubuta sunan fursuna idan ya mutu a tsare. Littafin nan shi ke nuna ko hukuma ta ɗauki ran ɗaurarre amana a wuyanta.

A 1788 Ingila ta fara jibge fursunoninta a Sidni ta Ostareliya. Ayarin jirage na biyu, wanda ya isa a 1790, ya ɗauko fursunoni kimanin 1,000, sama da 260 suka mutu a teku. Dalili a fili yake. An ba kamfanin Camden, Calvert da King kwangilar, masu safarar bayi ne, kuma ana biyansu a kan kowane mutum da suka ɗauka, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Abincin wanda ya mutu ma riba ne a wurinsu. Da lissafin mamatan ya isa Landan ya ta da ƙura, sai aka fara biyan lada a kan wanda ya sauka da rai, daga baya aka sa likitan sojan ruwa a kowane jirgi, mace-mace suka ragu ƙwarai. Ashe alƙaluma kan ceci rai idan akwai wanda za a tuhuma da su.

Mu dawo gida. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, shugabansu Lugga ya rubuta wa Landan cewa ya tarar da kurkuku mai ɗaki biyu ƙanana, ana cusa mutum 135 a ciki, da safe a jawo gawarwaki. Wannan zalunci ne da bai kamata mu kare ba. Amma mu lura, Lugga ya kawo lissafin ne don ya halatta yaƙinsa. Mulkinsa kuma ya gina nasa gidajen yari a Lakwaja da Zungeru, aka gina na Kaduna a 1915, aka bar gidajen yarin En'e a hannun sarakuna, fursunoni suna aikin gwamnati a kyauta. Atuni da ciwon haƙarƙari sun ci mutane a ciki.

Su wane ne waɗannan mutane? Mun san Sarkin Kano Alu ya rasu a Lakwaja a 1926, mun san Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi can ya cika a 1924, ana ziyartar kaburburansu har gobe. Talakan da aka ɗaure saboda haraji ko satar akuya, galibi abin da ya rage nasa lamba ce a rahoton shekara. Shi ma ɗan wani ne, yana da uwa da ta yi ta jiran dawowarsa.

Don haka ina kira ga ɗalibanmu na tarihi: Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa yana nan Kaduna kan titin Yakubu Gowon, Gidan Arewa yana titin Rabah. Ku buɗe rahotannin Razdan-Razdan da na likitoci, ku gwada adadin waɗanda suka shiga da na waɗanda suka fita, ku duba watan da mutuwa ta fi yawa, damina ce ko hunturu, ku tambayi wa ya rubuta da wanda aka rubuta wa.

Aikin bai tsaya ga jiya ba. Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e a 1968, dokar 2019 ta mai da su gidajen gyaran hali, amma har yanzu masu jiran shari'a ne suka fi yawa a ciki. Haƙƙinmu ne mu nemi a riƙa bayyana sunan duk wanda ya mutu a tsare, da cutar da ta kashe shi, da likitan da ya duba shi, a kuma sanar da danginsa su yi masa sutura. Wanda alƙali ya ɗaure shekara biyu ba a yanke masa hukuncin kisa ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.