Doka Tana Kaduna, Naƙuda Tana Kusfa: Jawabin Shugabar Mata a Taron Wata

Ga abin da muka tattauna a taronmu na Kusfa, an rubuta shi saboda waɗanda hidimar gida ta hana su zuwa. Don Allah a karanta har ƙarshe, a kuma karanta wa wadda ba ta karatun boko.

Maganar yau ta asibiti ce, da abin da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta yi a kai. Na san wata za ta ce, "Hajiya, ina ruwana da Lugard Hall?" To akwai ruwanki. Mutum 34 ne ke zama a zauren nan, biyu daga ƙaramar hukumar Zariya, ɗaya na Birni ɗaya na Kewaye. Ranar zaɓe mu ne muka fi tsawon layi. Abin da suka amince da shi kuwa shi ke yanke ko za ki sami ma'aikaciya a asibitin unguwa da ƙarfe biyun dare.

Dokoki biyu nake so ku riƙe.

Ta farko ta 2015 ce, wadda ta tattara ƙananan asibitoci ƙarƙashin hukuma ɗaya ta jiha. A da, albashi yana hannun wannan, magani yana hannun wancan, gini yana hannun wani, in abu ya lalace kowa ya nuna ɗan'uwansa. Daga nan aka ɗauki tsarin cewa kowace mazaɓa, cikin 255 da ke jihar, ta sami aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai. Zariya tana da mazaɓu 13. Ke nan kowaccenmu tana da asibitin da za ta nuna ta ce wannan nawa ne.

Ta biyu ta 2018 ce, wadda ta kafa KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha. Kada kalmar inshora ta tsorata ku, kusan adashi ne. Kowa ya zuba kaɗan, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga asusun. Bambancinsa da adashinmu shi ne ba kwasa ake yi bi da bi ba, lalura ce ke kwasa. Kuma ba na ma'aikatan gwamnati kaɗai ba ne. Mai ƙosai, mai ɗinki, mai kitso, kowa na iya yin rajista.

Sannan akwai kuɗin tarayya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko. Rabin kuɗin na biya wa marasa ƙarfi magani ne, irin su masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Wani kaso kuma yana shiga asusun bankin asibitin mazaɓar da aka zaɓa kai tsaye, don sayen magani da ƙananan gyare-gyare.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Shugaban asibiti ba shi kaɗai ke sa hannu a fitar da kuɗin nan ba, akwai shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ake kira WDC. Kwamitin nan na mutanen unguwa ne, kuma ƙa'idarsa ta ce a sa mata a ciki. Na tambaya a taro, wa ta san matan da ke cikin na mazaɓarta? Aka yi tsit. Mu ke zuwa awo, mu ke kai yara riga-kafi, mu muka san ko banɗakin asibiti yana da ruwa, amma inda ake lissafin kuɗin babu mu. Wanda ke cikin ɗaki ai shi ya san inda yake yoyo.

Lamarin ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin matan da ke rasuwa wajen haihuwa a duniya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Nijeriya ne. Rai na hannun Allah, amma Shi ya ce mu nemi magani. A nan cikin ganuwa mun san yadda abin ke faruwa: naƙuda ta tashi da dare, lungu ba ya shigar mota, a tsaya neman mai Keke, a tsaya neman kuɗi, kafin a isa babban asibiti jini ya riga ya zuba. Tun 2016 hukumar ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Wannan ba zai yiwu ba sai asibitin kusa da gida yana aiki.

Kuma kwatocinmu ma maganar lafiya ce. Damina na sauka magudanan ruwa su toshe da leda, sauro ya samu gida, ruwan kwata ya gangara rijiya, sai amai da gudawa. Aikin ƙaramar hukuma ne, amma ɗan majalisa yana da bakin magana a kai lokacin kasafi.

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Sai dai rubuta kuɗi a kasafi daban, sakin su daban. Aikin majalisa ba ya ƙarewa da yin doka, kwamitinta na lafiya yana da ikon zuwa ya duba, ya kira jami'ai su yi bayani. Ko ɗan majalisa namu ne ko ba namu ba, tambayar ɗaya ce. In namu ne ma, mu muka fi cancanta mu tambaye shi, domin mu za mu sake shiga gida-gida neman masa ƙuri'a, kuma mu za a tsare da tambaya a tsakar gida.

Ga aikin da muka raba kafin taro na gaba. Kowace shugabar akwati ta je asibitin mazaɓarta da mace biyu, cikin ladabi, su tambayi sunayen 'yan kwamiti da ranar zamansu. Su duba ko ana karɓar haihuwa da dare, ko akwai ruwa da wuta, ko an liƙa jerin abin da yake kyauta. Ba faɗa za ku je yi ba, ma'aikatan nan 'ya'yanmu ne, sau da yawa su ma a matse suke. Wadda ba ta da lambar NIN ta yi ƙoƙari ta samu, don ana nemanta wajen rajista. Abin da kuka gano ku turo wa sakatariya, mu haɗa takardar koke guda, mu sa hannu, mu kai ofishin ɗan majalisa, mu karɓo shaidar an karɓa.

Babban asibitin Ƙofar Gayan sunan Hajiya Gambo Sawaba yake ɗauke da shi. Matar nan ta sha ɗauri tun zamanin NEPU don matan Arewa su sami 'yancin jefa ƙuri'a. Ƙuri'ar ta samu. Saura mu bi ta har inda ta je.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A tura wa sauran guruf na mata. Wassalamu alaikum.