Rashin Barci Bayan Jinyar Sankarar Mama: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya A Gwallaga

 

Yau za mu tattauna ne a kan wani abu da ba a cika ɗaga shi a bainar jama'a ba, wato rashin barcin da ke addabar matan da suka yi jinyar sankarar mama, ko kansar nono kamar yadda wasu ke cewa, suka kuma tashi. Da yawanmu nan Gwallaga zuwa muka yi, wani daga Kano, wani Katsina, wani Sakkwato ko Zariya, neman abinci ya zaunar da mu a Bauchi. Matanmu sun baro uwa da yaya da gwaggo a gida. Saboda haka in lalura ta zo, wannan ƙungiya ita ce dangi.

Bari mu fara da girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata wajen miliyan 2.3 aka samu da wannan cuta a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya ita ce kan gaba cikin cututtukan daji da ke kama mata. To amma ana warkewa, musamman in an je asibiti da wuri. A cikinmu akwai waɗanda aka yi wa aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka yi musu ƙarin ruwan kemo, wasu aka tura su Zariya ko Abuja don gashi da na'ura, suka dawo da ransu. Mun je barka, mun yi addu'a, mun watse. Abin da ke biyo baya cikin dare kuwa, mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo.

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma ga yawancin waɗannan bayin Allah dare shi ne lokacin wahala. Wani bincike da aka buga a 2001 a kan mata 300 a Kibek ta ƙasar Kanada ya gano cewa kashi 51 cikin ɗari suna kukan barci, kashi 19 cikin ɗari kuma abin ya kai matsayin ciwo sosai. Likitoci na kiransa ciwo mai daɗewa in mace ta kasa samun barci, ko tana yawan farkawa, ko ta farka tun kafin asalatu barcin ya ƙi dawowa, aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, kuma abin yana hana ta sukuni da rana.

Me ke kawo shi? Na farko, magani. Yawancin waɗanda suka tashi ana ɗora su a kan ƙwayar Tamoxifen, ko Letrozole, ko Anastrozole, tsawon shekara 5, wani lokaci har 10, don kada ciwon ya dawo. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne tare sinadarin mata da ake kira istirojin, wanda wasu nau'o'in sankarar ke girma da shi. In aka tare shi, sai jiki ya riƙa ɗaukar zafi farat ɗaya, gumi ya jiƙa zane cikin dare. Kemo ma kan ɗauke wa mace al'ada tun shekarunta ba su kai ba, shi ma ya zo da irin wannan zufa. To a haɗa wannan da zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu, ga an ɗauke wuta, ga sauro. Ina barci?

Na biyu, ciwon jiki: zogin wurin da aka yi aiki, kumburin hannu a ɓangaren da aka cire kaluluwar hammata, da ciwon gaɓoɓi wanda Letrozole da Anastrozole kan jawo.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi, tunani. Da gida ya yi tsit sai zuciya ta fara lissafi. Shin zai dawo? Wa zai riƙe mini yara? Bashin da aka ci wajen magani fa? Maigida yana kallona kamar da kuwa? Wadda aka cire wa mama tana ɗauke da wani nauyi da ba ta iya faɗa ko ga aminiyarta.

Na huɗu, al'adar da jinya ta bari. Lokacin kemo ana yini a kwance, a yi barcin rana mai tsawo, dare ya zo ido biyu. Jinya ta wuce, al'adar ta zauna. Daga nan sai gadon kansa ya zama abin fargaba, tana hawa zuciya ta ce yau ma ba za a yi ba.

Jama'a, kada mu ɗauki wannan ƙaramin abu. Rashin barci na ƙara gajiya da mantuwa da saurin fushi, yana buɗe ƙofar ciwon damuwa. Mafi haɗari, wata in zufa da rashin barci suka ishe ta sai ta ajiye ƙwayar da ke tsare ta, ba tare da likita ya sani ba. Don Allah kada a yi haka. A koma asibiti a faɗa, akwai yadda za su sauya magani ko su rage wahalar.

Sai kuma gargaɗi a kan kemis. Kowa ya san yadda ake miƙa hannu a sayi Baliyam ko Taramol. Waɗannan suna kama mutum, jiki ya saba, gobe sai an ƙara, ga jiri da faɗuwa ga dattijai. Kun tuna a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi, musamman a nan Arewa, har cikin matan aure. Bugu da ƙari, akwai magunguna, irin su Paroxetine na ciwon damuwa, da ke rage ƙarfin Tamoxifen. Don haka kowane magani, na Bature ne ko jiƙo ko na Islamiyya, a nuna wa likitan da ke duba ta tukuna.

To mene ne abin yi? Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar cewa abin da za a fara da shi shi ne gyaran ɗabi'ar barci da tunani, kafin a kai ga ƙwaya. An gwada wannan hanya a kan matan da suka yi sankarar mama, ta kuma yi aiki. Ga ginshiƙanta:

1. A tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum. Mu Allah ya hutar da mu, ga asuba. Ko daren bai yi daɗi ba, a tashi, a fito a sha hasken safiya.

2. Kada a hau gado sai barci ya zo. In an kwanta kamar minti 20 bai zo ba, a sauko, a zauna a tabarma cikin haske kaɗan, a ja carbi ko a yi wani abu marar hayaniya. In ido ya yi nauyi a koma. Barci ɓarawo ne, ba a kama shi da kokawa.

3. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kada kuma a yi ta bayan la'asar.

4. Goro da shayi da kofi da lemon kwalba mai baƙi duk suna da sinadarin da ke kore barci, yana kuma daɗewa awoyi a jiki. Daga azahar a haƙura da su.

5. A ware wa damuwa lokacinta da rana. A zauna da wadda aka yarda da ita, ko a rubuta a takarda, ko da ajami ne. Waya da kallon fim kuma a ajiye su kafin kwanciya.

6. A motsa jiki. Tafiyar rabin awa da safe ko da yamma, ko zagayen tsakar gida ne, tana taimakawa. Don zufa kuma, a sa tufafin auduga marasa nauyi, a watsa ruwa kafin kwanciya, a ajiye ruwan randa kusa, a ɗaura gidan sauro.

Makonnin farko da wuya, sai an daure, amma galibi cikin wata ɗaya zuwa biyu ake ganin canji. In ba a gani ba, a nemi likita ya haɗa ta da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba hauka ba ne, wannan aikinsu ne.

Akwai alamomin da ba a jira da su: sabon ƙullutu a mama ko hammata, ciwon ƙashi ko baya da ke tayar da mutum cikin dare ya ƙi tafiya, tari ko haki da ba ya ƙarewa, zubar jini ga mai shan Tamoxifen, kumburin ƙafa ɗaya, ko baƙin cikin da ya kai mace ta ji ta gaji da rayuwa. Wannan asibiti ne kai tsaye.

Yanzu gare ku, iyayenmu maza. In kun ga uwargida tana juyi cikin dare ko tana gyangyaɗi da rana, kada a ce lalaci ne ko raki. Kalma mai daɗi daga bakin miji tana yin abin da ƙwaya ba ta yi. A raka ta asibiti ranar da aka ba ta, a sa yara su ɗauke mata aikin safe. Abokan zama da maƙwabta kuma, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A daina ba ta labarin wance da ciwon ya dawo wa ta rasu. Wannan labari shi take kwana da shi.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabanni abu biyu. A cikin asusun taimakon ƙungiya a ware wani abu don kuɗin mota da na magani ga masu komawa asibiti. Sannan ɓangaren mata su zaɓi dattijai biyu ko uku masu riƙe sirri, su riƙa leƙa waɗannan 'yan'uwa namu ko sau ɗaya a mako, su tambaye su, "Yaya barci?" Watan Oktoba shi ne watan wayar da kai a kan wannan cuta a duniya, muna fata kafin ya zagayo mun fara.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, waɗanda suka tashi ya ƙara musu ƙarfi, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.