PIRANESI: MAGININ DA YA YI GINI A KAN TAKARDA



Batun laccar yau shi ne rayuwa da aikin wani mutumin Italiya mai suna Giovanni Battista Piranesi, wanda ya rayu daga shekarar 1720 zuwa 1778. Mutum ne da ya kan sa hannu a ayyukansa da laƙabin "magini ɗan Venis", alhali kuwa a duk tsawon rayuwarsa gini ɗaya tak a ke iya nunawa a ce ga aikinsa. Duk da haka masanan gine-gine na duniya suna lissafa shi cikin manyansu. Yadda haka ta faru shi ne abin da za a yi ƙoƙarin bayyanawa.

ASALINSA DA ZUWANSA RUM

An haifi Piranesi a yankin Venis a shekarar 1720. Mahaifinsa masassaƙin dutse ne. Kawunsa, Matteo Lucchesi, injiniya ne a hukumar da ke kula da ruwayen Venis, watau mai tsare birnin daga ambaliyar teku, kuma a wurinsa ne yaron ya fara koyon sirrin harsashi da bango. Ɗan'uwansa, wanda ya ke malamin addinin Kirista, shi ya cusa masa son harshen Latin da tarihin Rumawan da.

A shekarar 1740, yana ɗan shekara 20, ya bi ayarin jakadan Venis zuwa birnin Rum a matsayin mai zane. Rum ɗin da ya tarar ta sha bamban da ta littattafai. Dandalin da Rumawa su ka riƙa yanke shawarar mulkin duniya ya zama makiyayar shanu, ƙasa ta binne ginshiƙai, itatuwa sun tsiro a kan bango, mutane kuma suna ta ɗibar duwatsun kufai suna gina gidajensu. Saurayin ya zo da burin ya gina irin waɗannan manyan gine-gine, amma bai sami sarki ko attajirin da zai ɗauki nauyinsa ba. A littafinsa na farko, wanda ya fito a 1743, ya bayyana cewa tun da babu mai ba da irin wannan aiki a zamaninsa, abin da ya rage masa shi ne ya fitar da tunaninsa ta hanyar zane. Hausawa sun ce a rashin uwa a kan yi uwar ɗaki. Takarda ce ta zame wa Piranesi filin gini.

YADDA A KE SANA'AR

Ya kamata a san irin zanen da a ke nufi, domin ya bambanta da na alƙalami. Mai wannan sana'a ya kan sami faranti na jan ƙarfe, ya shafe fuskarsa da wani irin kaki. Sa'an nan ya ɗauki allura ya yi zane a kan kakin, duk inda allurar ta bi sai ƙarfen ya bayyana. Daga nan a zuba wa farantin ruwan asid, wanda zai ci ƙarfen a wuraren da a ka kankare, ya bar inda kaki ya rufe. In an wanke, sai a shafa tawada ta shiga cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a matse da inji. Da faranti guda ana iya buga hotuna masu yawa. Gwargwadon daɗewar ƙarfe cikin asid, gwargwadon zurfin layi da baƙinsa. Wani abin wahala kuma shi ne dole a yi zanen a juye, domin dama ta kan koma hagu a kan takarda.

Piranesi ya koyi wannan sana'a a hannun Giuseppe Vasi, ya kuma wuce malaminsa nesa. Ya kan maimaita tsoma faranti cikin asid, yana rufe wani sashe yana buɗe wani, har ya sami hasken rana da duhun inuwa a takarda guda.

HOTUNAN RUM DA LITTATTAFAN KUFAI

A wancan zamani 'ya'yan masu kuɗin Ingila da Faransa da Jamus su kan yi balaguro zuwa Italiya domin kammala iliminsu, kowa kuma yana son tsarabar da zai rataya a gida. Su ne kasuwar Piranesi. Tun daga wajen 1748 har mutuwarsa ya yi ta fitar da manyan hotunan birnin Rum, waɗanda su ka kai 135. A cikinsu ya kan tsai da mai kallo a ƙasa, ya ɗaga gini sama, ya sanya mutane ƙanana a gindinsa, mabarata da makiyaya da 'yan yawon buɗe ido, domin girman ginin ya fito. Saboda haka mutane da yawa da su ka san Rum ta hotunansa, da su ka je da ƙafarsu sai su ka ga kufan ba su kai yadda su ke zato ba.

Amma kuskure ne a ɗauke shi mai zuguguwa kawai. A shekarar 1756 ya fitar da babban aikinsa a kan kayayyakin tarihin Rum cikin juzu'i huɗu. A nan ya auna kaburbura da gadoji da magudanan ruwa, ya nuna yadda a ka ɗora dutse bisa dutse, da irin kayan aikin da a ka ɗaga su da shi. Ya faɗi dalilinsa a fili: ya ga kufan suna raguwa kullum saboda cin zamani da kwaɗayin masu su, sai ya ƙudura ya adana su a takarda. A shekarar 1757 Ƙungiyar Masana Kayan Tarihi ta London ta karɓe shi cikin membobinta.

Mutum ne mai zafin rai. Wani basaraken Ailan, Lord Charlemont, ya yi alkawarin tallafa wa wannan aiki, amma kuɗin da Piranesi ya sa rai bai zo ba. Sai ya kankare sunansa daga shafin sadaukarwa, ya kuma buga wasiƙun da ya rubuta masa kowa ya karanta. Haka nan da wasu masanan Faransa da Jamus su ka ce Rumawa kwaikwayon Girkawa kurum su ka yi, ya mayar da martani da littafi sukutum a 1761, yana kafa hujja da hanyoyi da magudanan ruwa da babbar kwatar birnin Rum. Ya dage cewa daga Etruskawa, tsofaffin mazauna Italiya, Rumawa su ka gaji gini. Masana na baya ba su bi shi a kan dukan wannan da'awa ba, ko da ya ke sun yarda da abin da ya faɗa game da gwanintar Rumawa a aikin injiniya.

KURKUKUN TUNANI

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa a yau ƙarami ne in an gwada da sauran. Wajen 1750 ya fitar da hotuna 14 na gidajen kurkuku waɗanda babu su a ko'ina a bayan ƙasa. A 1761 ya koma kan farantan, ya ƙara musu duhu da sarƙoƙi da kayan azaba, ya ƙara sababbi biyu, su ka zama 16.

Wanda ya san gidan yari ya san shi da ƙunci da ƙaramin ɗaki. Na Piranesi faɗi gare su wanda ido ba ya iya kai wa ƙarshensa. Baka tana bisa baka, matakala ta hau ta ƙare a sarari, gada ta miƙe ta haɗu da bangon da ba shi da ƙofa, igiyoyi da fitilu suna reto daga rufin da ba a gani. Mutanen ciki 'yan mitsi-mitsi ne, suna hawa da sauka, ba a iya rarrabe mai tsaro da ɗaurarre. In mai kallo ya bi ginshiƙi guda da ido daga ƙasa zuwa sama, wani lokaci sai ya ga abin da ke gaba ya koma baya. Wanda ya yi wannan ya san ƙa'idojin gini sarai, ya karya su da gangan. Abin tsoron a nan shi ne babu kulle, amma kuma babu mafita.

A 1821 marubucin Ingila Thomas De Quincey ya ba da labarin yadda mawaƙi Coleridge ya siffanta masa waɗannan hotuna, ya ce mafarkin zazzaɓi ne. Masana sun fi danganta su da zanen dandalin wasan kwaikwayo, wanda Piranesi ya saba da shi tun yana saurayi, inda hoton kurkuku ya ke sanannen abu. A ƙarni na 20 Aldous Huxley ya yi rubutu a kansu, ya ga a cikinsu surar ɗan Adam da ya ɓace cikin tsarin da ya fi ƙarfinsa. Duk wanda ya taɓa bin takarda daga ofis zuwa ofis ba tare da ya san inda a ke yanke hukunci ba, zai gane abin da a ke nufi.

GININSA GUDA DA ƘARSHENSA

Sai da ya haura shekara 40 sa'an nan burinsa ya cika, shi ma kaɗan. Daga 1764 zuwa 1766 ya sabunta majami'ar Santa Maria del Priorato da dandalin gabanta a kan tudun Aventino, bisa umurnin Giovanni Battista Rezzonico, ɗan ɗan'uwan Fafaroma Clement na 13. A 1767 Fafaroman ya ba shi lambar girma.

Abin mamaki, aikinsa na ƙarshe a kan ginin Girkawa ne. A 1777, ga rashin lafiya, ya tafi Paestum a kudancin Italiya ya zana tsofaffin ɗakunan bautar da Girkawa su ka gina a can, cikin girmamawa. Ya rasu a Rum ranar 9 ga Nuwamba 1778, kabarinsa kuwa yana cikin majami'ar da ya gyara. Ya bar faranti kimanin 1,000. Ɗansa Francesco ya tafi da su Paris, a 1839 kuma Fafaroma Gregory na 16 ya sa a ka sayo su, a ka mayar da su Rum, inda a ke adana su.

KAMMALAWA

Abubuwa biyu ya kamata a riƙe. Na farko, ga ɗalibai: Piranesi ya iya ƙaga ginin da ba zai yiwu ba ne saboda ya yi shekaru yana shiga ramuka da igiyar awo, yana lissafa duwatsu. Na biyu, ga waɗanda a ka danƙa wa amanar dukiyar jama'a: wasu daga cikin kaburburan da ya zana sun rushe ko an sāke musu kama bayan zamaninsa, masana kuwa a hotunansa su ke neman siffarsu. Da bai auna ya zana ba, da sun tafi ba shaida.