Yadda Ake Tare Motar Bam Kafin Ta Isa Ƙofa



An nemi in yi magana bisa motar da ake shaƙe wa da nakiya a kai ta cikin jama'a, da kuma abin da hukuma ke iya yi a kanta. Babu wanda ke nan da zai ce baƙon al'amari ne. Mun ga na Abuja ran 1 ga Oktoba 1960 ta cika shekara hamsin, watau a 2010, mun ga na tashar Nyanya ran 14 ga Afrilu 2014 inda fiye da mutum 70 suka rasu. Dalilin da miyagu ke son mota kuwa a fili yake: tana ɗaukar kayan da ƙato goma ba su iya ɗauka, sa'an nan ba wanda ke juyawa ya dubi mota a kan titi.

Abu na farko shi ne nisa. Ƙarfin fashewa yana raguwa da sauri ƙwarai gwargwadon yadda aka nisance shi, har yadi ashirin ko talatin na iya raba ginin da ya rushe da wanda tagoginsa kaɗai suka farfashe. Ku dubi abu biyu da suka auku a Abuja cikin 2011. Ran 16 ga Yuni wata mota ta bi ayarin Sufeto Janar Hafiz Ringim zuwa hedkwatar 'yan sanda, amma aka karkatar da ita filin ajiye motoci, can ta tashi. An yi hasarar rai, motoci da dama sun ƙone, ginin kuwa ya tsaya. Ran 26 ga Agusta wata ta kutsa ƙofofin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya har ta shiga zauren karɓar baƙi, mutum fiye da 20 suka rasu.

Tun 1983 duniya ta ga wannan darasi a Bairut. Ran 23 ga Oktoba wata babbar mota ta keta waya, ta wuce tsakanin masu gadi, ta faɗa cikin barikin sojan Amurka, mutum 241 suka mutu. A safiyar nan kuma aka hallaka sojan Faransa 58. Masu gadin nan, bisa umurnin da aka ba su, ba su ɗura harsashi a bindigoginsu ba. Amma ko da sun ɗura, harsashi ba ya tsai da ton goma na ƙarfe da ya riga ya ɗauki gudu. Abin da ke tsai da shi ginshiƙai ne da aka kafa cikin ƙasa sosai, da hanya mai lanƙwasa wadda ke tilasta direba ya rage wuta tun daga nesa. Sandar nan da ake ɗagawa da igiya, da ganguna biyu marasa kome a ciki, ado ne kurum.

A Mosul ta Iraƙi, cikin 2016 da 2017, mayaƙan Da'ish sun riƙa lulluɓe motocin da farantan ƙarfe don kada ƙaramar bindiga ta huda su. Soja suka koma ga katafila suna tare tituna da tudun ƙasa, suna amfani da makaman fasa tankar yaƙi. Wannan dabarar fagen fama ce, ɗan sanda ba ya iya yin ta a bakin kasuwa.

To, ina shingen bincike? A nan ina roƙon hafsoshinmu su yi haƙuri da ni. Shingen da ya tara layin motoci mil guda, da masu talla, da 'yan makaranta, ya tara wa mugu abin da yake nema. Lalle ne wurin bincike ya kasance can baya, nesa da cunkoso, kuma mai binciken ya san abin da yake dubawa: motar da bayanta ya zauna ƙasa alhali ba a ga kaya ba, lambar da ba ta dace da takarda ba. In kuwa direba ya san da 'yar takardar kuɗi zai wuce, to, shingen ba shi nan. Haka nan a yi hattara da dillalan na'ura. Iraƙi ta kashe miliyoyin daloli a kan wata aba mai suna ADE 651, wai tana sansano bam, ashe babu kome cikinta. Kotu a Ingila ta ɗaure mai sayar da ita, James McCormick, shekara goma a 2013, amma ba a janye ta daga shingayen Bagadaza ba sai da bam ɗin Karrada ya ci fiye da mutum 300 a Yuli 2016.

In an sami labari kafin lokaci, kwashe jama'a shi ne aiki. A Mancesta, ran 15 ga Yuni 1996, 'yan sanda sun fitar da mutum wajen 75,000 daga tsakiyar gari cikin sa'a ɗaya da rabi. Bam ɗin ya tashi, fiye da 200 sun ji rauni, ba wanda ya mutu. A Omagh kuwa, cikin 1998, gargaɗin da aka bayar bai faɗi wurin daidai ba, aka kora mutane wajen motar, 29 suka hallaka. Mu kuma a nan akwai halinmu na rugawa kallo da taimako. A kasuwar Taminus ta Jos, ran 20 ga Mayu 2014, mota ta biyu ta tashi ne bayan jama'a sun taru ceton na farko, aka ƙirga gawa 118. Taimako alheri ne, amma dole a koya wa kowa ya ja da baya har masu aikin su duba sauran motocin da ke wurin.

Sauran magana ta ku ce, shugabannin tasha da na kasuwa. Motar bam sai an saye ta ko an sace, sai an sami garejin da za a ɓoye ta, sai an tara taki da man fetur. Kowane mataki akwai idon da ya gani. A Oklahoma ta Amurka, inda mutum 168 suka mutu a 1995, lambar da aka buga jikin ƙarfen ƙafar motar ita ta kai masu bincike wurin da aka yi hayarta. Timothy McVeigh kuwa wani ɗan sandan hanya ya riga ya kama shi don motarsa ba ta da lamba. Saboda haka ina ba da shawara kowace tasha ta riƙe littafin motocin da suka kwana cikinta, dillalan mota su rubuta wanda suka sayar wa, hukuma kuma ta ɓoye sunan wanda ya kawo mata labari, don mai walda da ya ga an tona asirin maƙwabcinsa ba zai ƙara buɗe baki ba.