KAMA DA WANE BA WANE BA NE
Jawabi ga manoman Gusau da Tsafe da Bungudu

Maganar yau a kan ƙwarin da ke ɓoye kansu a cikin gona ne.

Akwai wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar wake girma ba. A bayansa akwai tsini kamar ƙaya. Idan ya lafe a reshen bagaruwa, tsuntsu zai wuce shi, yana zaton ƙaya ce. Sai an taɓa shi zai yi tsalle. Danginsa sun fi iri 3,000 a duniya. Ruwan jikin itace yake tsotsa, sannan ya fitar da wani ruwa mai zaƙi. Tururuwa suna shan wannan ruwa, su kuma suna yi masa gadi. Saboda haka, idan manomi ya ga tururuwa na hawa da sauka a jikin shuka, ya tsaya ya duba. Wataƙila akwai mai tsotsar ta.

Fara ma tana da irin wannan dabara. Wata koriya ce kamar ganye, wata kuma kalar ƙasa. Tsutsar da ke cin masara, wadda ta shigo Nijeriya daga nahiyar Amurka a shekarar 2016, cikin kunnen masara take ɓuya. Alamarta ita ce ganye mai huji da kashi kamar dusa.

To amma ba duk mai ɓuya ne maƙiyi ba. Ƙoƙi-ƙoƙi yana kama da ganye ko tsinke don ya yi wa ƙwari kwanto. Ba ya cin shuka. Ƙwari yake ci. Ɗan ƙwadago ne da ba a biyansa ko kwabo. Wanda ya yi feshi ba tare da dubawa ba, ya kashe shi, ya kuma yi asarar kuɗin magani.

Ga abin yi. Manomi ya zagaya gonarsa da sassafe, aƙalla sau ɗaya a mako. Ya durƙusa ya juya ganye, ya leƙa cikin kunnen masara. Idan ya ga ƙwaron da bai sani ba, ya sa shi a kwalba ya kai wa malamin gona kafin ya sayi magani.

Allah ya ba da damina mai albarka. Amin.