Injin Ban Ruwa Mai Aiki da Rana

Yau maganarmu a kan fadama take.

Kun tuna shekarar 2019, da aka rufe kan iyaka, aka kuma hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyakar. Mutanen Lolo da Tsamiya ba sai an ba su labari ba. Sa'an nan a watan Mayu na 2023 Gwamnati ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500. Mai shinkafar rani ya ga injinsa na cinye gonar tun ba a yanke ta ba. Abin da ya juya hankalin manoman ƙasar nan wajen sola ke nan, ba lacca ba.

Ga Kwara nan tana wuce mu, tana juya injunan Kainji tun 1968, amma waya ba ta bin mutum fadama. Rana kuwa tana binsa, ba ta kuma karɓar ko kwabo.

To, me ya hana kowa saye? Kuɗi ne. Fetur kaɗan kaɗan ake sayensa, sola kuwa gaba ɗaya ake biya, faranti da famfo da tiyo. Wanda bai iya shi kaɗai, sai su haɗu su huɗu ko biyar masu maƙwabtaka da gona, su riƙa ban ruwa bi da bi. Kada ku bari a ɗora muku batir. Ban ruwa da rana ake yi, batir kuwa shi ne mai tsada, shi ne mai saurin mutuwa.

Akwai kuma jabu. Na ga wani ya sayar da bijiminsa ya sayo faranti, ashe ƙarfinsa bai kai rabin abin da aka faɗa masa ba. Ku karanta takardar da ke manne a bayan farantin, ku sa mai kanti ya rubuta lambar a rasit, ya sa hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara. Kowane ƙauye akwai yaron da ya iya kwance injin fetur, amma na sola sai an ɗauka an kai birni, shinkafa na can na bushewa. Malam Dagaci, ina roƙo a zaɓi yara biyu a tura su koyo kafin ruwa ya janye.

In hazo ya sauko, ƙura kan rage wa faranti ƙarfi ƙwarai. A goge shi da tsumma mai laushi kowace safiya, tun bai yi zafi ba.